Geron da Altine Ta Yanke Ɗanye

Duk wanda ya san Gude ya san gidan Goggo Altine, don daga shi sai gonaki. Ɗaki biyu ne da rumbu da turken awaki, sai danga wadda in damina ta yi nisa gero ke leƙowa ta kanta kamar maƙwabcin da bai iya sallama ba. Mijinta ya daɗe da rasuwa. 'Ya'yanta mata aure ya watsa su. Namijin guda ɗaya, Hambali, yana Gwarzo yana sayar da taki da maganin feshi, har ya yi ginin siminti a tsakiyar gari. Ya yi ya yi uwarsa ta koma can, ta ce ita ba za ta zauna inda ake jin tarin maƙwabci ta bango ba.

Ta samu bakin faɗar haka ne don tana da Ummi.

Yadda Ummi ta zo gidan kuwa, magana ce da matan unguwa suka tauna har ta salamce. Yaye aka kawo ta. Kowa ya san yadda ake yi: in za a cire yaro daga nono sai a kai shi wurin kakarsa ya yi 'yan kwanaki, in ya manta a dawo da shi. To, 'yan kwanakin Goggo Altine ba irin na sauran mutane ba ne. In Hambali ya zo ɗauka ta ce yarinya ba ta gama mantawa ba. In ya sake dawowa ta ce hadari ya haɗo. Daga baya ma ta daina ba da dalili, sai dai ta ce masa, "Ya kasuwa?" Ga shi sunanta aka sa wa yarinyar, shi ya sa uban ke kiranta Ummi, tsohuwa kuma ta ce mata Takwara. Ita kuwa uwar, Mansura, bakinta a ɗaure yake. Ummi 'yar fari ce, su kuma mutanen nan shanu ne kawai suka ƙare musu, kunyar tana nan daram. Mace ba ta kama sunan 'yar fari, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, balle ta dubi uwar miji ta ce a ba ta 'yarta. Haka yaye ya yi ta tafiya har Ummi ta fara famfara.

Su biyu suke zamansu, kwano ɗaya, tabarma ɗaya, faɗa kuwa ba fashi.

"Takwara, tashi ki ba awaki dusa."

"Ke me ya sami ƙafarki?"

"Ji mini 'yar nema! Ni fa na yi wa ubanki wanka."

"Ai shi ya sa bai fita ba."

Sai tsohuwa ta ɗauki muciya ta bi ta, ta yi taku biyu ta tsaya tana dariya. Amma in Ummi ta fita wasa ta daɗe, gidan kan koma yadda yake kafin zuwanta, ya yi shirun nan da ko cokali ya taɓa kwano sai mutum ya waiwaya. Sai ka ga Altine a ƙofar gida, wai iska take sha.

Abu ɗaya ne ya hana ruwa gudu. Duk shekara in gero ya fid da kai ya yi bununi, wannan garin furen mai ruwan ɗorawa da ke bin iska, sai Ummi ta kama atishawa. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, a jere take zubo su, tun Altine na amsa mata da addu'a har ta gaji ta koma "Allah ya sawwaƙe". Hanci ya yi ta tsiyaya, idanu su yi ja su kumbura, yarinya ta yi ta murza su da bayan hannu. Altine ba ta taɓa zargin gero ba. Wa zai zargi abincinsa? Ta ce sanyin damina ne. Ta dafa citta da kanumfari, ta hana ta ruwan randa, ta turara ɗaki har ƙadangaru su yi ƙaura daga rufi. In an yi girbi ciwo ya tafi, sai ta ce cittarta ce ta yi aiki.

Bana sai abin ya zo da ƙari, har da tari mai sa yarinya ta dafe ƙirji. Ana cikin haka Hambali ya aiko cewa yana tafe ranar Juma'a in an sauko daga masallaci.

Altine ta zauna a kan turmi ta yi tagumi. Ta san kunya ce ta hana Mansura magana, amma ciwo ba ya jin kunyar kowa. Ranar da aka ce yarinya ba lafiya a hannun tsohuwa, ranar an sami ƙofar da aka daɗe ana nema.

Ran Juma'a ta yi wa Ummi wanka, ta sa mata rigar salla, ta ɗauko tandun kwalli.

"Buɗe idon."

"Da zafi, Goggo."

"Kyau ai da zafi yake. Buɗe."

Ta rambaɗa mata kwalli sama da ƙasa, ta ja baya ta duba, ta ƙara. A ganinta in baƙi ya yi yawa ja ba zai fito ba.

"In babanki ya zo kada ki yi atishawa."

"In ta zo fa?"

"Ki haɗiye."

"Ana haɗiye atishawa?"

"Ni na haɗiye abin da ya fi ta a gidan kakanki."

Hambali ya iso, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Aka yi ina wuni, ina gajiya, ya ruwa, ya mutanen gida, ya masu jiki a dangi, aka sake komowa kan ruwa. Altine ta ja gaisuwar ta yi tsawo, ta tambayi har mutanen da ba ta damu da su ba. Ummi na gefe a tsaye, ta cije leɓe, hancinta na motsi kamar na zomo. Uban ya miƙa mata ledar biskit.

"Ummi, yau ba magana?"

Ta buɗe baki za ta ce ta gode. Shi ke nan. Atishawa ta ɓalle, wata na korar wata, hawaye suka kwaso kwallin nan suka gangaro da shi har haɓa. Kafin ka ce kwabo fuskar yarinya ta zama gindin tukunya.

Daidai nan Uwaliya, maƙwabciyar Altine, wadda kunnenta ke kwana a jikin danga, ta ɗago kai.

"A'a, Hambali ne? Sannu da zuwa. Gara da ka zo ka gani da idonka. Ni dai ban ce komai ba, amma tarin yarinyar nan har ɗakina."

"Uwaliya," in ji Altine, "tuwonki na ƙauri."

Hambali bai ɗaga murya ba, bai ma ɗaga kai ba. Ya goge wa 'yarsa fuska da hannun rigarsa ta Juma'a, ya ga abin da kwalli ya rufe.

"Goggo, gobe in Allah ya kai mu ku shirya mu je asibiti a duba ta. Da yamma sai a dawo da ku."

"Mu biyu?"

"Ku biyu."

A asibitin Gwarzo suka sami wata nas, Sista Badi'a, doguwa mai fara'a. Ta haska idon Ummi, ta leƙa hanci, ta sa abin sauraro a ƙirji da baya. Sannan ta juyo.

"Inna, yaushe yake tasar mata?"

"Da damina."

"Farkonta ko tsakiya?"

"In gero ya yi kai."

"In an girbe fa?"

"Sai ya tafi. Citta nake ba ta."

"Gonaki na kusa da ku?"

Hambali ya yi wata 'yar dariya. "Sista, a cikin gero suke kwana."

Sista Badi'a ta ce wannan ba mura ba ce, ba kuma sanyi ba. Bununin gero ne da furen ciyawa jikin yarinyar ba ya shiri da su, da ta shaƙa sai jiki ya ɗauka abokin gaba ne ya shigo, ya tashi faɗa.

Altine ta riƙe haɓa. "Gero? Wanda take shan furarsa kullum?"

"Furar ba ruwanta, Inna, ta sha ta ƙoshi. Garin da ke tashi daga kansa in yana fure, shi ne. Ya fi tashi da safe, da ranar da ake iska. Lokacin ta zauna a ɗaki, a rufe taga. In ta fita ta dawo, a wanke mata fuska da hannu, a sauya riga. Kayanta kada a shanya a danga. Hayaƙin turare a daina. Kwalli kuma," ta dubi Altine ta ƙasan ido, "a bar shi sai salla."

Ta rubuta maganin sha na kullum har lokacin ya wuce, da na ɗigawa a ido. Ta ce in aka kiyaye, yara da yawa a gidajensu suke wuce lokacin lafiya lau. Amma in ƙirji ya fara kuka, ko numfashi ya yi sama-sama, kada a tsaya dafa komai, a kawo ta nan take, kuma in ya kai haka gara ta yi nesa da gonaki sai an girbe.

Magana ɗaya aka yi, amma kowa da rabin da ya ɗauka. Altine ta ji "a gidajensu". Hambali ya ji "nesa da gonaki".

Suka biya ta gidansa suka ci abinci. Mansura ta durƙusa ta gaida uwar mijinta, ta kawo ruwa, ta kawo shinkafa, ba ta ko dubi inda Ummi take ba. Sai dai naman da ke cikin kwanon yarinyar ya fi na kowa yawa, Altine kuwa ta gani.

Da za su tafi Hambali ya sosa ƙeya.

"Goggo, da an bar ta a nan zuwa girbi..."

"Ka ce mu biyu."

"Na ce. To, a gwada zuwa wata Juma'ar. In babu sauƙi, ki yi haƙuri."

Tun daga ranar gidan Altine ya zama wani abu dabam. An ce a rufe taga da safe, ita ta toshe ta da tsumma dare da rana. An ce yarinya ta zauna a ɗaki in ana iska, ita ko ganye bai motsa ba ba ta bari ta leƙo. Ta jiƙa tsohon zane ta rataya a ƙofa. Wankin fuska kuwa, ko bayan gida Ummi ta zaga sai an wanke ta kamar za a kai ta ɗakin miji. Magani ba ya wuce lokacinsa.

Abin mamaki, ya yi aiki. Jan ido ya ragu, kumburi ya saɓe, atishawa ta koma jefi-jefi. Altine ta fara tafiya tana ɗaga kafaɗa, har ta ce wa Uwaliya ta danga, "Kwana biyu ba ki samun na kaiwa gari, ko?"

Sai dai Ummi ta daina faɗa. Da yamma 'yan mata kan taru a filin bayan gidan mai unguwa suna gaɗa, tafinsu na shigowa har ɗaki. Ummi ta sami wata 'yar ɓula a jikin ƙyaure, ta manna ido a wurin, ba abin da take hangowa sai turken awaki.

"Takwara, zo mu yi tatsuniya."

"Da rana?"

"To zo in yi miki kitso."

"Jiya kika yi."

"Yau ba za ki zage ni ba?"

Yarinya ta ɗaga kafaɗa, ba ta juyo ba. Altine ta zauna a bakin gado tana kallon ƙeyarta. Ga mutum a ɗaki, amma shirun nan ya dawo, ya zauna tsakaninsu ya miƙe ƙafa.

Nan ne dabara ta zo mata, irin dabarar da ke zuwa wa wanda ba shi da abokin shawara. Geron da ya kewaye gidan ta gabas da kudu ai nata ne, gonar bayan gida ce da mijinta ya bari. In babu kan gero, ina bununi zai fito? In ta kawar da shi, Takwara ta fito tsakar gida ta sha iska, ta yi tsalle, ran Juma'a uban ya same ta tana zagin mutane kamar da. Gonakin maƙwabta da ke gaba da nata, da iskar da ba ta san iyakar gona ba, duk ba su shiga lissafinta ba.

Ran Alhamis da sassafe, raɓa na ɗagawa, ta ja wa Ummi ƙofa, ta ɗauki wuƙa ta shiga gona. Ta kamo kara ta tanƙwaro, ta yanke kai, ta yar. Ta kamo wani. Gero ne mai kyau, zangarniya kamar damtsen yaro, ko ƙwaya bai fara ba. Duk kan da ta tanƙwaro sai ya zazzage mata garinsa a ka da kafaɗa. Ba ta kula ba. Bakinta na motsi, ita kaɗai ta san ko istigfari take ko ba mai gonar haƙuri take a kabarinsa.

Masu wucewa gona suka tsaya. Wani dattijo ya ce, "Subhanallahi! Altine, lafiya? Abinci ne fa!"

"Nawa ne."

Uwaliya kuwa ko ɗankwali ba ta tsaya ɗaurawa ba. Kafin hantsi Gude ta ji cewa Altine ta taɓu.

Rana ta ɗaga sosai kafin ta gama layukan da ke jikin danga. Bayanta kamar zai ɓalle, hannu duk ƙaiƙayi, amma zuciyarta fari ƙal. Ta shigo gida da saurinta, ta ture jiƙaƙƙen zanen nan, ko ta kan buta ba ta bi ba.

"Takwara! Fito, na kashe maƙiyinki!"

Ummi ta ga ƙofa a buɗe, ta ga haske, ta yi tsalle ta ɗafe tsohuwa, ta cusa fuska a mayafinta tana dariya. Altine ta rungume ta ƙam, tana jujjuya ta. Sun daɗe rabon da su yi haka.

Atishawa ta fara, Altine ta ce ta saura ce. Tari ya biyo. Can sai dariya ta ɗauke, yarinya ta zauna a ƙasa ta dafa gwiwa, kafaɗunta na hawa suna sauka, wani siririn kuka na fita daga ƙirjinta kamar na 'yar mage. Altine ta sunkuya za ta ɗauke ta, sai ta ga hannun rigarta. Ta dubi mayafinta, ta dubi zanenta. Duk ruwan ɗorawa, tun daga ka har ƙafa. Gonar ce gaba ɗaya ta ɗauko ta kawo wa yarinya har ɗaki.

Ta fizge mayafin ta yi jifa da shi bayan danga. Ta kwara wa kanta ruwa, ta wanke wa Ummi fuska. Wanda ya tuna da citta a ranar ba Altine ba ce.

"Uwaliya! Uwaliya, don Allah kira mini Sajo mai babur!"

Ita ma Uwaliya, a faɗi gaskiya, ranar ƙafarta ta riga bakinta.

Sajo ya ɗauke su, yarinya a tsakiya, tsohuwa ta rufe ta da zanen Uwaliya. Hanya ta ratsa cikin gero hagu da dama, ko'ina kai ne a tsaye yana kaɗawa. Altine ba ta taɓa ganin yawan geron ƙasar nan ba sai ranar. Wanne za ta yanke, wanne za ta bari?

A asibiti aka karɓe ta da gudu, aka sa mata wani abu a hanci da baki mai fitar da tururi. Sista Badi'a ba ta yi faɗa ba, da ta ji abin da ya faru ma sai ta dafa kafaɗar tsohuwa. Hambali ya zo a guje. Bayansa sai ga Mansura, hijabi a karkace, takalmi wari da wari. Ta wuce uwar mijinta ba gaisuwa, ta faɗa bakin gado ta kama ƙafar yarinyar.

"Altine! Altine, kalle ni. Ga ni nan."

Sunan yanka ta kira, a gaban miji, a gaban mai sunan. Da numfashi ya daidaita, Ummi ta yi barci, sai Mansura ta farga. Ta saki ƙafar kamar ta taɓa wuta, ta durƙusa.

"Goggo, ina wuni. Ki yi haƙuri."

Altine ta daɗe tana kallonta. Shekara da shekaru tana cewa a ranta Mansura ba ta damu da 'yarta ba, tunda ba ta taɓa tambaya ba. Da wannan tunanin take samun barci.

"Tashi," ta ce. "Ta zauna wurinku zuwa a girbe."

Hambali ya ce ita ma ta zauna mana. Ta ce awaki fa, wa zai ba su dusa?

Ta koma Gude ita kaɗai. Gero ya nuna, aka girbe, nata layukan na jikin danga suka tsaya ƙiƙam ba kai, abin nuni ga masu wucewa. Dawa ta yi nata furen, ita ma aka jira ta. Aka yi sussuka, ƙaiƙayi ya kwanta. Altine ta cire tsumman taga, ta share ɗaki, ta yi daƙuwa cike da kwano, ta aika a kira Sajo.

"Gwarzo za ka kai ni, ka jira. Mu biyu za mu dawo, ka zo da babur mai ƙarfi."

Ta sami Mansura ita kaɗai a gida. Aka gaisa, aka sake gaisawa. Mansura ta kawo ruwa, ta koma gefe ta zauna a ƙasa tana tsince shinkafar da ta riga ta tsince. Ta san abin da ya kawo tsohuwa. A bayan ƙofa Altine ta hango ƙullin kaya, an riga an ɗaure, da ledar magani a kai. Ba wanda ya ce mata ta ɗaure. Hannunta dai na cikin shinkafa, idonta na ƙasa.

Sai ga hayaniya a zaure. Ummi ta shigo da 'yan mata biyu, duk da hijabin Islamiyya, ta yi ƙiba, ido fari tas, haƙoran gaba sun fara tsirowa.

"Goggo!" Ta ruga ta faɗa jikinta. "Kin ƙara tsufa!"

"Ke kuma kin ƙara muni. Wa ya ba ki haƙoran zomo?"

Ummi ta ƙyalƙyale. Ta nuna wa ƙawayenta: wannan ce Goggon da nake ba ku labari, wadda ta yanke gero. Ta karanta mata sabuwar surar da aka biya musu, ta nuna mata inda take kwana, ta ce ran Asabar za a yi musu gasar karatu kuma malama ta ce ita za ta fara. Ta cika baki da daƙuwa, ta raba wa ƙawaye. Ɗaya daga cikinsu ta ja ta da hannu, ana jiransu a waje. Har ta kai ƙofa ta juyo.

"Goggo, yaushe za ki koma? Kada ki tafi ban dawo ba."

Ta fice. Tafin hannunsu ya fara tashi a ƙofar gida.

Mansura ta miƙe a hankali ta nufi bayan ƙofa, ta sunkuya za ta ɗauko ƙullin.

"Wannan kayan wankin wa?" in ji Altine.

Mansura ta tsaya.

"Kwance ki mayar. Ni ganinku na zo yi. Mutum ba zai zo gidan ɗansa ba sai da dalili?" Ta gyara mayafi ta miƙe, gwiwa na ƙara. "In damina ta zagayo ki fara ba ta maganin da wuri, kada ki jira sai ido ya yi ja. Ba ta son kuka a miya, in ta ce ta ƙoshi ƙarya take. In an yi hutu, in da hali, a leƙo da ita."

"Goggo..." Mansura ta kai bayan hannu ido.

"Kada ki yi mini kuka, ba mutuwa na yi ba."

Ba ta jira Hambali ba. A waje ta hangi Ummi a tsakiyar da'ira, ta ba ta baya, tana faɗawa hannun ƙawaye suna cafe ta. Altine ta ɗan tsaya. Sannan ta bi ta jikin bango ta zagaya inda Sajo ya kafe babur a inuwar darbejiya.

Sajo ya leƙa bayanta.

"Goggo, ina ta biyun?"

"Kai ɗan sanda ne?"

"A'a, ke kika ce in zo da mai ƙarfi."

"To ga ni. Ka ga na yi maka kama da marar nauyi?"

Ya tayar da babur. Ta hau ta gyara zama, wuri ya yi mata yawa, ta rasa inda za ta sa hannu, sai ta riƙe kwanon daƙuwar da babu komai a ciki.

"Ka bi a hankali," ta ce. "Ba mai jiranmu."